Shanun Takardar Inna

Shekarun baya, ana saura mako biyu wani babban zaɓe, na kusa yin wautar da har yau in na tuna sai na ji kunya.

Lokacin yanar ido ta rufe wa mahaifiyata gani, sai dai ta gane mu da murya. Likita ya ce a yi aiki kafin abin ya yi nisa. Abin da muke da shi kawai takardun hannun jarin wani banki ne da mahaifinmu ya bari a ƙasan adaka, a gidanmu na Arawa. Inna 'yar ruga ce, ba ta yi boko ba, don haka ya ce mata shanu ne ya saya, amma na takarda. A haka ta riƙe.

Garin kuwa ya tsorata. Masu shaguna 'yan kudu suna ta kulle ƙofa suna komawa gida, kowa na jibge masara a ɗaki. Farashin hannun jari kullum ƙasa yake yi. Ni da ba na rabuwa da rediyo, a majalisarmu har "Farfesa" ake ce min, na yanke hukunci cewa bayan zaɓe takardun nan ko ƙosai ba za a ƙunshe da su ba. Na kira dillali a Legas. Ya ce ko an sayar duka kuɗin aikin ba zai cika ba. Na ce zan haɗa da babur ɗina.

Na kawo wa Inna takardar da za ta dangwala yatsa. Ta naɗe hannunta cikin mayafi.

"Kai wannan," haka take kirana, kasancewar ni ɗan fari ne, "wani abu ya samu shanun ne?"

"A'a Inna, mutane ne ke tsoro."

"To ni na ga shekarar da Baffana ya kai shanu kasuwa don tsoro. Mahauta ne suka ji daɗi. Idon nawa ne, zan jira."

Na yi mata bayanin siyasa na kusan awa guda. Ta ce in miƙo mata buta.

Sakamako ya fito ba yadda muka lissafa a majalisa ba. Wanda ya faɗi ya karɓi ƙaddara, gari ya kwana lafiya. Washegari da hantsi dillalin ya kira ni ya ce masu saye sun yi cincirindo, babu mai sayarwa. Kwana uku farashi na hawa. Na zauna a kan babur ɗina ina lissafi. Bankin nan bai ƙara ko bulo ɗaya ba. Tsoro kawai ya bar zukatan mutanen da ban taɓa gani ba, sai ga kuɗin aikin Inna ya cika.

A ranar ta dangwala yatsa, amma ta ce a bar mata karsana ɗaya.

Har yau abin na ba ni mamaki, kuma na rage baki a majalisa. Da aka cire mata bandeji na matso gaba, ina jiran ta fara kallona. Sai ta ce a kawo mata takardar da ta rage. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ta daɗe tana kallon inda mahaifinmu ya sa hannu.