Shuɗin Fentin da Na Gani Na Yi Shiru

Edita, sallama gare ku da masu karatu. Na ɗauki biro na ajiye ya fi sau goma kafin na iya rubuto muku wannan, don abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne. Ku sakaya sunana, ya isa a san cewa ni ɗan yankin Kura ne. A lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, ina da shagon maganin feshi da taki a bakin titi, ina kuma da 'yar gonar tumatir a gefen kanal, wato babbar hanyar ruwan da muke noman rani da ita. Shekarar nan tumatir ya yi daraja, na samu abin da ban taɓa samu ba, sai kaina ya kumbura. Ni dama mutum ne mai son a kalle shi, ba zan ɓoye ba. Abokaina masu hankali suka sayi injin ban ruwa, wasu suka sayi a-kori-kura don kai kaya kasuwa. Ni kuwa na ce ba zan hau abin da kowa ke hawa ba. Akwai wasu ƙananan motoci da nake gani a waya, sababbin ƙira ne amma an yi su kamar na zamanin kakanni, ƙofa biyu, fitilu zagayayyu, baya a dunƙule kamar kunkuru. Irin ta na ƙwallafa rai a kai, har barci nake ina ganin kaina a ciki.

Sai na gaya muku waye mahaifina, don labarin nasa ne fiye da nawa. Baba tsohon manomin shinkafa ne, ba shi da dukiya, amma idan aka yi rigimar iyakar gona ko ta layin ban ruwa shi ake kira, abin da ya faɗa kuma ya zauna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya rantse ba, cewa yake wanda ake yarda da shi ba ya bukatar wallahi. Yana da amini tun na makarantar allo a wani ƙauye ta ɓangaren Bunkure. Wata rana da hantsi wannan bawan Allah ya baza shansherarsa, wato shinkafar da ba a cashe ba, a gefen kwalta yana shanya, kamar yadda kowa ke yi a yankinmu bayan yankan shinkafa, yana cikin juya ta wata mota ta sako da gudu ta kwashe shi, ta ja shi a ƙasa, ta ƙara wuta. Ko shurawa bai yi ba. Baba ya dawo daga jana'iza idanunsa jajur, ya zauna a zaure yana ba mu labari, ya ce matan da ke wanki a bakin kanal sun ga motar, ƙarama ce, shuɗiya, mai kama da kunkuru. Na ce Allah ya jiƙansa, na ci gaba da latsa wayata.

Bayan kamar sati uku na ga tallar irin motar da nake nema a waya, ja ce, tana ƙyalli, farashinta kuma ƙasa da rabin yadda na sani. Na kira lambar, mutumin ya ce mu haɗu a wani fili ta wajen Kumbotso. Ban nemi dillali ba, ban gaya wa kowa ba, don ina so in shigo gari kawai a ga abin mamaki. Da na isa, warin fenti ne ya fara tarbata. Na buɗe ƙofa, sai ga shi a jikin ƙarfen da ƙofar ke rufewa a kai, inda mai fenti bai kai ba, shuɗi ne tas. Fitilar hagu tana da zoben ƙarfe mai ƙyalli da ya zagaye ta, ta dama ba ta da shi. Wallahi a take maganar Baba ta faɗo mini. Na tambayi mutumin, ya ce ƙanwarsa ce ta goga ta da ƙofar gida, launin kuma ita ce ba ta son shuɗi. Yana magana yana waige-waige, yana cewa akwai wani mai saye a hanya. Na ce wa zuciyata ai shuɗayen motoci sun yi yawa a Kano. Ya miƙo mini wasu takardu na hoto, ba na asali ba, da ko sunansa babu a ciki, ba mu rubuta yarjejeniya ba, babu shaida ko ɗaya. Na biya na karɓi makulli.

Washegari na kai ta wurin makanikenmu a canza mai. Da ya ɗaga bonet ya zura hannu ta bayan fitilar dama, sai ya fito da shanshera cike da tafinsa. Ya dube ni ya ce motar nan ta bugi wani abu kwanan nan, an buga wurin an shafe, kuma shi bai ga alamar ƙofar gida ba. Na yi dariya na ce wace mota ce a ƙasar Kura babu shinkafa a cikinta. Ya ce shi dai ya faɗa. Na fita na kira wanda ya sayar mini, wayar a kashe, kuma har yau ba ta sake shiga ba. Mai hankali a nan zai wuce ofishin 'yan sanda ya ajiye musu makulli. Ni sai na wuce majalisarmu, samari suka kewaye ni ana ɗaukar hoto ana kirana mai kunkuru, ni ko ina ta washe baki.

Baba bai yi murna ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya zagaya motar sau ɗaya da sandarsa, ya ce irin ta ce ta kashe amininsa, sai dai waccan shuɗiya ce. Sannan ya tambaye ni a wurin wa na saya, su wa suka shaida, an rubuta ko ba a rubuta ba. Na kalli tsabar idonsa na ce a wurin sanannen dillali na saya, da shaidu biyu, takardar kuma tana cikin motar. Ya ce to madalla, Allah ya sa ta amfane ni. Bai ce in nuna masa ba, saboda bai taɓa kawowa a ransa ɗan da ya haifa zai yi masa ƙarya a kan irin wannan ba.

Ranar sadakar arba'in ta marigayin, Baba ya tashi da ciwon gwiwa, ya ce ba zai iya hawa mashin ba, in kai shi a motata. Na fara kame-kame, na ce babu mai, na ce akwai masu zuwa ɗaukar taki. Ya ce ashe motar ta hoto ce, ba ta kai uba gaisuwa ba. Kalma ɗaya ta rage in faɗa masa gaskiya a zauren nan, amma kunya da girman kai suka riƙe mini harshe. Na buɗe masa ƙofa ya shiga. Duk tsawon hanya yana ba ni labarin yarintarsu da marigayin.

Mun isa da hantsi, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane cike. Tun kafin in kashe mota na ga kawuna suna juyowa. Aka yi addu'a aka shafa, ana cikin raba waina sai na hango babban ɗan marigayin yana zagaya motar a hankali. Ya tsuguna a gaban fitilar dama ya daɗe. Ya shiga gida ya fito riƙe da wani abu a cikin tsumma, ya warware, sai ga zoben ƙarfe a lanƙwashe. Ashe a cikin shansherar ubansa ya tsince shi ranar da abin ya faru, ya adana. Ya kara shi a jikin fitilar, ya zauna daram. Wani ya miƙa masa lauje, ya karce ƙofar tun daga sama har ƙasa, jan fentin ya tashi, shuɗi ya bayyana. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba.

Ban san lokacin da aka fizgo ni daga kan tabarma ba. Na ji ƙotar fartanya a gadon bayana, na faɗi, aka rufe ni da duka ta ko'ina, gora, takalmi, dutse. Wani ya take mini hannu na ji ƙashin ya karye kamar karan dawa. Jini ya cika mini baki, haƙorana biyu na tofar a ƙasa. Ina jin ana farfasa gilasan motar, wani yana cewa a kawo fetur a haɗa ni da ita. Sai na ji muryar Baba. Tsohon da ya kasa hawa mashin da safe, shi ne ya ratsa taron ya tsaya a kaina ya buɗe hannuwa. Ya ce su dubi girman Allah su saurare shi, sun san shi, sun san tsakaninsa da mamacin. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya rantse da Allah sau uku cewa ɗansa sayen motar ya yi bayan rasuwar, a hannun sanannen dillali, da shaidu biyu, kuma takardar tana cikin motar yanzu haka. Saboda darajarsa aka tsaya cak. Aka buɗe motar aka zazzage ko'ina, babu komai sai takardun hoton nan marasa suna. Baba ya sunkuyo ya ce in faɗi sunan dillalin da na shaidun. Na buɗe baki, babu abin da zan faɗa.

Shirun nan nawa shi ya ƙarasa mu. Wani ya ce har tsohon ma da shi aka haɗa baki, taron ya sake rufowa. Baba ya kwanta a kaina ya rufe ni da jikinsa. Ƙotar da aka ɗaga don kaina ita ta sauka a gefen fuskarsa ta hagu, na ji ƙarar a cikin ƙirjina, jininsa mai ɗumi ya zubo mini a wuya. Bai yi ihu ba, salati kawai yake. Ganin tsoho cikin jini ne ya sa liman da ƙanin marigayin suka faɗa tsakiya suna ture mutane, aka ja mu cikin zaure aka rufe ƙofa. Daga nan nake jin ƙarar wutar da aka cinna wa motar, har 'yan sanda suka zo suka fitar da mu.

Na yi kwanaki a tsare da hannu a ɗaure. Abin da ya fitar da ni shi ne, ranar da aka kashe mutumin ina Kadawa tun asuba ana loda tumatir ɗina, mutane da yawa sun shaida, makaniken kuma ya faɗi ranar da na fara kawo masa motar. Wanda ya yi kisan ba a same shi ba har yau, kuma da na kai wa 'yan sanda motar tun ranar da na ga shuɗin nan, lokacin da wayar wanda ya sayar mini take kunne, wataƙila da an kama shi. Baba ya rasa idonsa na hagu, kunnen wannan ɓangaren ma ya mutu. Ranar da na je gaishe shi a asibiti ya sa kowa ya fita, ya yi mini tambaya ɗaya, ko na ga shuɗin fentin kafin in saya. Na ce na gani. Ya juya fuskarsa bango.

Da aka sallame shi, malamai suka ce masa babu kaffara a kansa tunda bai san ƙarya ba ce, amma sai da ya yi azumi uku. Ya sa ƙanina ya kai shi ƙauyen nan a mashin, ya durƙusa a gaban 'ya'yan amininsa ya nemi gafarar rantsuwar da ya yi musu. Su ma suka yi ta kuka suna neman tasa. Daga ranar bai sake zuwa shaidar iyakar gona ba, ko an aiko sai ya ce a nemi wani. Ban riƙe mutanen ƙauyen a raina ba, ko da yake abin da suka yi ba daidai ba ne, kuma ina roƙon jama'a su daina ɗaukar doka a hannu, don da sun kashe ni ranar nan da sun kashe wanda bai taɓa ubansu ba. Amma ni na san wanda ya kai Baba ƙarƙashin ƙotar nan.

'Yan'uwana matasa, musamman mu da noman rani ke saka wa kuɗi a hannu lokaci guda, don Allah idan za ku sayi mota ta hannu ku je da wanda ya san mota, ku saya a wurin wanda aka san gidansa, a rubuta, a sa shaidu. Idan kuka ga sabon fenti da araha da mai sayarwa yana waige, ku juya. In kun riga kun saya kuka ga abin da ya tayar muku da hankali, ku kai rahoto a ranar. Fiye da duka, kada ku yi wa iyayenku ƙarya don ku tsira daga faɗan minti biyar, ba ku san inda za su tsaya su maimaita ta ba. Hannuna ya warke, na sa haƙoran roba, Baba kuma ya ce ya yafe mini, na kuma yarda ya yafe. Sai dai shekara huɗu ke nan, ko ce masa na yi an kira salla, ba ya tashi sai ya juya kunnensa mai ji ya saurara da kansa.