Audugar Baba da Baƙar Motarsa

Shekarun baya, a farkon shekarun 1980, lokacin Malumfashi tana cikin jihar Kaduna, wata Asabar da hantsi muka tsaya mu uku a farfajiyar gidanmu muna kallon motar mahaifina. Ni ne, da mahaifiyata, da abokina da ya zo daga Funtua. Baba ba ya nan. Yana asibitin ido a Kano, an cire masa yanar da ta daɗe tana rufe masa gani, ana jiran ya warke a ba shi tabarau.

Manomin auduga ne tun ƙuruciyarsa. Bayan wata kaka mai albarka ya sayi motar, baƙa wuluk, sabuwa fil. Bai iya tuƙi ba, ƙanina ke jan sa. Amma ya kafa doka guda, ba mai goge motar sai shi. Kullum bayan ya karya kumallo zai ɗebo auduga daga buhun da ya ware, ya bi jikin motar yana murzawa a zagaye, a bushe, ba ruwa. Yakan ce Allah bai halicci abin da ya kai audugar gonarsa laushi ba.

Audugar kuwa ɗanya ce, ba a gurje ta ba. Da guryarta, da busasshen ganye, da yashin gona. Ga ƙurar hanyar Kafur kwance a kan fentin. A lokacin idonsa ya riga ya yi rauni, baƙin motar kawai yake gani, ba ya ganin abin da hannunsa ke yi mata. Mu muna gani. A inuwa lafiya lau take, amma da rana ta haska ta sai zane-zane sirara su fito zobe-zobe, kamar saƙar gizo-gizo, tun daga bonet har but. Ba wanda ya iya faɗa masa.

Mahaifiyata ce ta aika aka kira ni daga Kaduna, inda nake karanta labarai a gidan rediyo. Ta ce, "Babanku zai dawo da idonsa. Kullum maganarsa a asibiti, so yake ya ga motarsa sosai. Ba na so abin da zai fara gani ya zama ɓarnar hannunsa. Ka san shi, ba zai ce komai ba, ciwo zai zame masa."

Shi ya sa na nemo abokina. Tare muka yi firamare. Iyayensa 'yan kudu ne, Kiristoci, amma a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shagon kayan mota da fenti yake riƙe wa mahaifinsa. Ya zagaya motar, ya sa farce ya ja a hankali a kan bonet, ya sake ja a jikin ƙofa.

Ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Farce bai maƙale ba, zanen a sama yake. Zai fita. Sai dai wannan ɗan naki mai hannun riƙe takarda zai sha wuya."

Mahaifiyata ta ce, "Ya sha. Dama bakinsa kaɗai ke aiki."

Muka tura motar ƙarƙashin darbejiya, don ya ce ba a aikin a kan fenti mai zafi. Muka kwarara mata ruwa har sai da ƙurar ta sauka da kanta, kafin tsumma ya taɓa ta. Bokiti biyu ya ajiye, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma, don kada yashin da aka ɗauke ya koma jikin motar. Da ta bushe ya fito da gwangwanin man goge fenti, mahaifiyata ta kawo mana tsofaffin singiletocin Baba da wanki ya sa suka yi laushi.

Ya nuna mini a bonet. Ɗan wuri kaɗan, kamar faɗin faifai. A lakaci man a tsumma, a goga a miƙe, gaba da baya, sannan a gicciye, ba a zagaye ba. Kada a danna da yatsu, a shimfiɗa tafin hannu. Na fara. Ban jima ba na duba tsumman, ya yi baƙi ƙirin.

Mahaifiyata ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Fentin kuke cirewa!"

Abokina ya ce, "Shi muke cirewa, Inna, amma kaɗan ƙwarai, bai kai ɓawon albasa ba. Zanen nan ramuka ne ƙanana. Ba cike su muke ba, saman muke ragewa ya daidaita da su."

Ya share wurin da tsumma mai tsabta, muka tura motar cikin rana. Muka matso muka duba. A tsakiyar wannan saƙar gizo-gizo ga wani ɗan fili baƙi mai zurfi, kamar mutum ya leƙa rijiya. Rana guda ɗaya a ciki, zagayayya, ba zobe ko ɗaya a gefenta. Ganyen darbejiya na motsi a cikinsa. Mahaifiyata ta sunkuya ta ga fuskarta, ta gyara ɗankwali ba tare da ta sani ba. Ashe duk wannan hasken yana nan kwance a ƙasa, ba abin da muka ƙara masa.

Muka wuni muna yi, washegari ma bayan abokina ya dawo daga coci muka ɗora. Kafaɗata ta sage, ni da nake ganin karatun labarai aiki ne mai wahala. Yana ta tsokanata: "Ga labaran duniya, ɗan rediyo ya kasa ɗaga hannu!"

Wuri ɗaya ya gagare mu. A ƙofar baya, ta gefen da Baba ke zama, kusa da mariƙi, nan yake fara gogarsa kullum, nan yake ƙarewa. Abokina ya goga kaɗan ya tsaya. Ya ce fentin wurin ya yi siriri, in muka matsa farin ƙasan zai fito, kuma wannan ba ya gyaruwa da hannu. Muka bar shi, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Muka shafe motar duka da kakin mota, muna fatan zai ɓoye shi. Ya rage, bai ɓoye ba.

Ranar da Baba ya dawo na sake zuwa gida. A motar haya ƙanina ya kawo shi, don mun ƙi bari a fita da baƙar. Ya shigo da tabarau masu kauri, yana takawa a hankali kamar mai koyon tafiya. Ya dubi mahaifiyata ya daɗe, sannan ya nufi motar. Rana na kanta sosai.

Ya tsaya a gaban bonet ya leƙa. Ya kai hannu ya shafa gemunsa. Ya ce, "Ikon Allah. Yaushe na yi fari haka, ba wanda ya gaya mini?"

Muka yi dariya, mahaifiyata tana share ido. Ya ci gaba da zagayawa, ni kuma ina ƙoƙarin tsayawa tsakaninsa da ƙofar baya. Ya ce, "Matsa mana." Na matsa.

Ya sunkuya. Ya dubi zoben zanen, ya dubi sauran motar, ya sake duban zanen. Sai ya ɗaga hannunsa a iska, bai taɓa motar ba, ya juya shi a zagaye yadda ya saba. Zagayen hannun da na zanen girmansu ɗaya.

Ya ce, "Hannuna ne wannan. Haka duk jikinta yake?"

Ba wanda ya amsa sai mahaifiyata. "Haka yake, Malam."

Ya sauke hannunsa. Ni na zaci abin da muke gudu ne ya faru. Can ya ce, "Auduga ba ta yi laifi ba. Ni da nake rantsuwa ba a kai ta masaƙa sai an gurje, na manta da guryar da ke cikinta." Ya juya wajena. "Ka ce da abokinka ya zo ya koya mini yadda ake yi. Wannan kuma kada wanda ya taɓa shi."

Na sha tunanin wannan rana. Mun ɓata ƙarfinmu muna ɓoye wa mutum abin da muke ganin ba zai iya ɗauka ba, shi kuwa kallo ɗaya ya yi masa ya kira shi da sunansa. Ban san wanne ya fi ba ni mamaki ba, hasken da ya fito daga fentin ko natsuwar da ta fito daga tsohon.

Daga ranar, da ruwa Baba yake fara wankin motarsa, bokiti biyu, da tsohuwar singileti, a miƙe. Buhun audugar mahaifiyata ta gurje shi ta yi masa matashin kai. Har aka sayar da motar bayan rasuwarsa, zanen nan yana kusa da mariƙin ƙofar baya.