Tsinken Tsintsiyar Yaya Bala

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Bala mai walda, Allah ya jiƙansa, amma har yau in na ja ragar kifi daga tanda na ji ta yi ƙwaram-ƙwaram, sai murmushi ya kuɓuce min.

Bandar kifi nake yi a Wara, bakin ruwa. Shi ya ƙera min tandar ƙarfe mai raga biyar, kowace tana shiga tana fita a kan layinta kamar durowa. Ranar da ya gama, na taɓa raga na ji tana rawa. Na ce, "Haba Yaya, wanga aiki kamar haƙorin tsohuwa?" Ya ce, "Hajo, ƙarfe in ya sha wuta miƙewa yakai. Bar mishi wurin miƙe ƙafa." Ashe tsinken tsintsiya guda yake sakawa tsakanin raga da layi kafin ya yi walda. Girisi kuwa ya hana ni shafawa, wai narkewa zai yi ya ɗiga kan kifi.

Bara tsatsa ta cinye layukan. Na kira wani mai walda daga Yauri, na ce ya sa sababbi ya matse min su tsam, na gaji da ƙarar nan. Bawan Allah ya yi yadda na ce. Ranar sunan jikata na cika raga biyar da tarwaɗar baƙi. Wuta ta kama, kifi ya yi ja, na ja raga, ta ce ba ta san zance ba! Mu uku muka taru a kanta, ko motsi. Muna ji muna gani tarwaɗa ta koma gawayi. Surukai suka ci tuwo da miya lami, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Yanzu ana kawo tandoji masu ƙyalli, ragarsu a kan 'yan tayoyi. Da Yaya na nan, na san sai ya zagaya ya yaba, sannan ya ce a hura wuta tukuna mu gani.

Yaya bai bar gidan sama ba, bai bar mota ba. Amma washegarin sunan nan da mai walda ya dawo ya tambaye ni awon da zai bari, tsintsiyar innarmu na ɗauko, na zare tsinke guda na miƙa masa. Na ce, "Ga awon Yaya."