Dogo Mai Bugu da Baƙon da Ba Ya Amshi

A zamanin kakanninmu, masu karatun Kwantagora kan taru a rumfar Dogo mai bugun tufafi, su rera waƙoƙin ajami. Ran nan aka kawo waƙar yabon adalcin marigayi sarki.

"Yabo ne kawai," in ji Malam Gidaɗo.

"Haba Malam! Zagin sarki mai ci ne," in ji Haliru, wanda ke goyon bayan wani yarima mai neman sarauta.

Dogo ya lura da wani baƙo da ba ya amshi, sai kallon bakin masu yi. Ya zargi ɗan rahoton fada ne. Tun daga ranar, da an zo baitin sarauta sai ya ƙara ƙarfin bugu don kada baƙon ya ji. Masu karatu suka fusata suka ƙaurace masa, amma ba a taɓa kama kowa a rumfarsa ba.