Fin Ɗaya a Gefen Zani

Idan ka shiga layin gareji ka tambayi labarin Mai Likkafani, za a ja ka gefe, a rage murya, a gaya maka cewa mutumin nan matattun motoci yake tayarwa, kuma ba a banza suke tashi ba. Wai duk motar da ya jawo daga juji ya hura mata rai, sai an yi rashi a unguwa kafin sati ya zagayo. Wai shi ya sa kullum akwai farin ƙyalle shimfiɗe a garejinsa yana jiran mai ƙarar kwana. Akwai wani mai faci da har rantsuwa yake yi cewa ya taɓa jin wata mota tana kuka a ciki, kuka irin na jariri.

To, ƙarya ce tsagwaronta, kuma ni zan fi kowa sani, don ɗan gwaggona ne, rabin maganar ma a bakina ta fara. Farin ƙyallen nan zanin gadon matarsa ne. Shekara talatin tana saye yana sacewa. Motar da ta yi kuka kuwa, kyanwa ce ta haihu a but ɗinta na baya. Amma suna ya riga ya manne, har jikokinsa Mai Likkafani suke ce masa, shi kuma yana amsawa.

Da gyaran keken ɗinki ya fara, a shagon mahaifinsa. Yana da shekara ashirin ya hango wata mota a bayan wani gida, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji sun mai da kujerar baya ɗakin haihuwa. Mai gidan ya ce ya ɗauke ta ya huta da macizai. Shekara biyu ya yi a kanta. Ranar da ta tashi, hayaƙin da ta yi ya sa maƙwabta suka fito da bokitan ruwa. Tun daga nan bai sake kallon sabuwar mota da mutunci ba. Tasa sai wadda ta girme shi, mai ƙarfe a gaba kamar haƙoran zinariya, mai sitiyari kamar kaskon tuya, wadda in ka rufe ƙofarta za ka ji kamar an rufe ƙofar banki.

Ga yadda zanin ya shigo. In zai kwance mota, sai ya shimfiɗa shi a kan siminti, duk abin da ya ciro ya ajiye shi a muhallinsa. Kayan inji a tsakiya, kayan baya a ƙasa, kayan tayar gaba a gefe, na hagu a hagu, na dama a dama. Ba ya rubutu, ba ya ɗaukar hoto. In ya zo haɗawa, haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya har zanin ya koma fari fat. Sai ya tsaya a kansa ya dube shi. In da saura ko da ɗan noti ɗaya ne, motar ba za ta fita ba, ko mai ita ya yi birgima. Fiye da mota arba'in suka bi ta wannan zani, ba wadda ta taɓa dawowa da ƙorafi.

Sayarwarsa ma abin kallo ce. Mai saye zai zo da tumbinsa da ƙamshin turare, shi kuma ya bar shi ya buɗe ƙofa ya rufe. In ya buga ta da ƙarfi, ciniki ya mutu. "Ranka ya daɗe, an riga an yi mata miji," zai ce, ya koma ƙarƙashin wata motar.

Kusan shekara biyu da suka wuce muka lura ya sauya. In ka yi masa magana ta gefe, sai ya juyo da kansa gaba ɗaya kamar mujiya. Ya yi karo da ƙyauren garejinsa har sau uku, ƙyauren da shi ya kafa. A gida aka yi ta dariya, ni ne ma shugaban masu dariyar. Shi kaɗai ya san abin da ke faruwa. Duniya ce take tsukewa a idonsa, a hankali, daga gefe zuwa ciki, kamar wanda ke leƙe ta cikin bututun hayaƙin mota. Abin da ke gabansa tsaf yake ganinsa. Abin da ke gefe kuwa ba duhu ba ne, babu shi ne kawai. Bai gaya wa kowa ba. A layin gareji, in aka ji bakanike ba ya gani, ko keke ba za a ƙara kawo masa ba. Ya daina tuƙi, ya ce wai likitoci sun ce tafiyar ƙasa tana da amfani.

A cikin wannan hali ya gama wata koriyar mota da yake kira Tsohuwa. Wata goma sha huɗu yana kanta. Wanda ya ci jarabawar ƙofa wani tsohon likita ne da ya yi ritaya, ɗan gajere mai surutu, wanda ya ce a irinta ya koyi tuƙi. Da safe ya zo ɗauka tare da matarsa, za su wuce kai tsaye su nuna wa yayansa da ke wani gari a bayan dutse. Mai Likkafani ya tsaya a kan zani ya duba. Fari fat. Ya miƙa makulli. Likita ya kashe wayarsa a gabansa yana alfahari, wai shi tunda yake bai taɓa haɗa tuƙi da waya ba. Suka tafi, matar tana ɗaga hannu ta taga.

Sai da hantsi ya dubi ludayi ya sunkuya zai naɗe zanin a kai wanki. Ya kama gefen hagu ya ɗaga. Wani abu ya faɗi a kan siminti, ƙis.

Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar allura biyu ba, amma ya ji ta. Ya durƙusa yana shafa ƙasa da tafin hannu har ya ji shi. Fin ne, ɗan siririn ƙarfe mai ƙafa biyu, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Bai buƙaci kallonsa ba. Daga gefen hagu ya faɗo, wato na tayar gaba ta hagu ne, shi ke hana notin da ya haɗa tayar da sitiyari warwarewa. In babu shi, notin ba zai faɗi nan take ba. Zai riƙa juyawa kaɗan-kaɗan da kowace gargada, shiru, ba ƙara, har lokacin da direba zai murza sitiyari taya ta ƙi bin umarni. Hanyar bayan dutse kuwa, da ka kai ƙololuwa sai gangare mai kwana-kwana har goma sha uku, ni dai ashirin na ƙirga, da rami a gefe wanda in ka jefa dutse sai ka ci abinci kafin ka ji saukarsa.

Ya kira wayar Likita, a kashe. Ya sake kira, kamar za ta ji tausayinsa ta kunna kanta. Ya tsaya a tsakiyar gareji da fin a hannu. Ga motoci biyu masu lafiya a gabansa, ba wadda zai iya fitarwa titi ba tare da ya kwashe wani a gefe ba. Ba wanda ya ga fin ɗin. In ya jefa shi a gwangwani, aka ji labari da yamma, za a ce tsohuwar mota ce da tsohon direba. Ya ce tunanin ya zo masa, ya zauna kamar minti ɗaya, kuma har ya mutu ba zai yafe wa kansa wannan mintin ba.

Ina zaune a shagona na sayar da caja sai ga shi, hula a karkace.

"Ɗan Kawu, tashi ka tuƙa ni."

"A me? A robar wankan?" Haka yake kiran motata. "Yaya, kai da ka ce gara ka hau jaki?"

"Ba na ganin gefen hanya," ya ce. "Shekara biyu ke nan. Tashi."

Ban san lokacin da na rufe shago ba.

A hanya ya zauna a gaba, fin a dunƙule cikin hannunsa, wuyansa na juyawa dama da hagu yana neman abin da idonsa ya ƙi ba shi. Dole ya ari nawa. "Me ke gefen nan?" Na ce itace. "Can fa?" Na ce shanu. Duk inda mutane suka taru sai ya dafa hannuna. Da muka fara hawan dutse na hango wani abu kore a cikin kwari, bakina ya riga hankalina, na ce, "Kore." Ya ce in matsa kusa. Muka matso, ashe tamfol ne iska ta yar. Bai zage ni ba, abin da ya fi zagin tayar min da hankali.

Fatansa ɗaya ne. Tsofaffin motoci in sun hau dutse sukan yi zafi, dole a tsaya a ba lagireto ruwa. Amma lagireton Tsohuwa shi ya gyara shi da hannunsa, bututu bayan bututu. "Ba za ta yi zafi ba," yake ta faɗi a hankali. "Na gyara shi da kyau. Wayyo, na gyara shi da kyau." Tunda nake ban taɓa jin mutum yana roƙon aikinsa ya ba shi kunya ba sai ranar.

A ƙololuwa akwai gidan mai na ƙarshe kafin gangare. Nan muka tarar da taro, mutane sun yi da'ira, ba a ganin abin da ke tsakiya. Mai Likkafani ya buɗe ƙofa tun ban tsaya ba, ya kutsa yana ture mutane. Sai ga Tsohuwa tana sheƙi, an buɗe mata gaba, Likita a tsaye yana yi wa direbobin tirela lacca kan yadda ake ƙera mota a zamanin da mutane ke da kunya. Matarsa ta ce ya fi awa ɗaya yana abu ɗaya, ta yi masa magana har ta gaji. Surutu dai ya yi rana.

Likita ya hango shi. "A'a, Malam, lafiya? Ko kewarta ce ta..."

Bai saurare shi ba. Ya karɓi jak a hannun wani direba, ya ɗaga gaban motar a wannan ƙasa mai gangare, ya jefa dutse a bayan taya, ya kwanta da fararen kayansa ya shige. Motar ta yi wani ɗan motsi a kan jak, taro ya ja baya. Ni kuma na ga ya dace wani ya je ya duba ko famfon mai na can nesa yana nan lafiya.

A ƙarƙashi ya miƙa hannu ya taɓa notin. Da yatsa biyu ya juya shi, ya juyu kamar murfin kwalba. Juyi biyu ya rage ya faɗi. Kwana ta farko ma ba lallai su gama ta ba. Ya ɗaure shi, ya zura fin, ya buɗe ƙafafun fin ɗin.

Da ya fito bai yi kwana-kwana ba. A gaban direbobi da masu sayar da mai ya ce, "Likita, na bar fin a kan zani. Laifina ne. Ban gan shi ba."

Likita ya daina murmushi. Ya matso, ya ɗaga yatsa a gefen fuskar Mai Likkafani yana kaɗawa. Mai Likkafani bai ƙifta ba, bai ma san ana yi ba.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Kai, bawan Allah," Likita ya ce. "Mota ka ba wata goma sha huɗu, idonka ka hana shi yini ɗaya?"

Asibiti sun ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ya tafi, sauran kuma ana iya rage masa gudu da magani, ba a tsayar da shi. Labari ya riga mu isa layin gareji, direbobin tirela ba su da aikin da ya wuce wannan. Mutum biyu suka zo suka janye motocinsu, suna ta ba da haƙuri ba sa kallon fuskarsa. Bai karɓi wata sabuwa ba. Saura ɗaya a garejin, wata baƙa doguwa, cikinta duk a zazzage a kan zani. Ya ce aikin shekara ɗaya ne. Asibiti ba su yi masa alkawarin shekara ɗaya ba. Yanzu matarsa ce ke zuwa kullum da la'asar, ta bi gefen zanin da ido tana faɗa masa abin da ke wurin, tana mitar cewa wannan ma nata ne, na ɗakin baƙi.

Shekaranjiya na leƙa na same shi ya kusa manna hanci a jikin inji.

Na ce, "Yaya, in ka gama wannan wa zai fara hawa? Ni dai a cire ni. Motar da makaho ya haɗa, gara in tafi a ƙafa."

Bai ɗago ba. "Ranar nan da rabin ido na shiga ƙarƙashin mota a kan gangare. Kai da idonka biyu garau, a bayan famfon mai aka tsinto ka, takalmi a hannu. In da ido ke yin mutum, da tuni ka zama wani abu. Miƙo min sifana mai lamba goma sha uku, in karatun naka ya kai nan."