Kotson da Ya Dawo Daga Abuja

Shekara uku ke nan ina sayar da kayan kiɗa ta waya, kuma har yau idan saƙo ya shigo sai gabana ya ɗan faɗi kafin in buɗe.

Kawuna ne ke yin kayan a Tsohon Birnin Gwari: garaya, kalangu, sarewa, wani lokaci kotso. Tun da hanya ta daina biyuwa yadda ake so, makaɗa suka rage zuwa wurinsa, kayan suka taru a zaure. Ni kuwa ina da waya, ina da baki. Na tashi da karatun littattafan soyayya na haya, don haka da na buɗe shafi a intanet ban iya rubuta "garaya ta sayarwa" in yi shiru ba. Sai in ce muryarta irin ta masoyin da ya dawo daga doguwar tafiya ce. Mutane na dariya, amma suna saye. Ba wanda ya taɓa ganina a cikinsu. Mutum zai turo kuɗinsa cikin daji ya zauna jiran direba, ba don komai ba sai don bai taɓa jin an kuka da ni ba. Iyakar abin da nake da shi ke nan.

Kotso ganga ce mai baki ɗaya da ake kaɗawa da hannu. A tsakiyar fatar ana manna wani baƙin danƙo, shi ke ba shi zurfin murya. Ranar da zan ɗauki hoton wani kotso da Kawu ya gama, na jingina shi da gindin ɗorawa, hasken la'asar ya kwanta a jikin icen gwanin sha'awa. Danƙon nan kaɗai ya ɓata mini rai, kamar baƙin tukunya a farar riga. Sai na juya kotson na ɗauke shi ta gefe.

Wani mutum a Abuja ya ce yana so. Saƙon murya yake turowa, muryar a sanyaye, yana ce mini Hajiya. Ya ce marigayi mahaifinsa na son wannan kiɗan. Kafin mu gama ciniki, a zuciyata na riga na ƙera masa tsawo da farar mota da wani tsohon baƙin ciki da ba ya gaya wa kowa. Na naɗe kotson da tsohon zanena, na ba direban Kaduna, shi kuma ya miƙa wa na Abuja.

Washegari sabis ya ɗauke. Mu nan mun saba. Kwana biyar ana hawa tudun bayan firamare ana ɗaga waya sama, babu labari. Ranar da ya dawo ina kan tudun, saƙonni suka zubo a jere.

"Hajiya, kaya sun iso, amma akwai datti a fatar."

"Malama, na kankare dattin da cokali na goge da kananzir. Yanzu gangar ba ta magana."

"Ke! Kashe waya kika yi ko?"

Na ƙarshe hoto ne. Ya ɗauki fuskar shafina ya saka a wani dandalin masu saye da sayarwa, ya rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa 'yar damfara ce, a kiyaye.

Nan take na kira shi.

"Yallaɓai, wallahi sabis ne babu a garinmu."

"Kwana biyar? A wace ƙasa kike?"

"A Birnin Gwari. Kuma abin da ka kankare ba datti ba ne, shi ne muryar."

"To me ya sa babu shi a hoto? Abin da na gani na saya. Kin turo mini wani daban mai ƙazanta, na taimake ki na wanke, yanzu kuma ni ne mai laifi?"

Sanyin muryar nan duk ya tafi. Wata ƙaramar murya ce mai hanci, irin ta mai rigima da kwandasta a kan canji.

Kafin magariba wata Mama, shugabar zumuntar mata a wani coci a Kaduna, ta kira ni. Dama ganguna shida ta sa a yi musu. Ta ce, "'Yata, a ɗan dakata tukuna. Mata sun ga wani abu a waya."

Da safe na hau babur zuwa wurin Kawu. Na same shi yana jeme fata. Da ya ji labari ya ajiye wuƙar.

"Ya wanke? Jariri aka ce masa?"

"Da kananzir, Kawu."

"Innalillahi. Ke ba ki gaya masa ba ne?"

Na miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya juya ta, ya sake juyawa.

"Ina fuskarsa?"

"Ta ɗaya gefen."

"Wato ƙeyar bawan Allah kika nuna wa duniya." Ya miƙo mini wayar ya koma kan fatarsa. "Mayar masa da kuɗinsa, ya dawo mini da abina."

Faɗin haka ya fi yinsa sauƙi. Mutumin ya ce sai ya ga kuɗi zai saki kotso. Na ce sai na ga kotso. Ya ce kuɗin mota zuwa da dawowa a kaina, har da na man da ya ƙona zuwa tasha. Na ce ya fara goge abin da ya rubuta. Ya ce ba zan ba shi umarni ba. Kwana tara muna wannan, kullum ina kan tudu, rana na dukan ƙeyata, ina rubutu ina gogewa don kada wata kalma ta fita da zafi ya sake ɗaukar hotonta. A littattafan da na karanta, mutum biyu da suka fara da faɗa irin wannan sukan ƙare da fahimtar juna. Ni ciwon kai na samu, da katin waya da ya ƙare.

A rana ta goma na gaji, na tura masa duk abin da ya nema. Bayan mako kotson ya iso cikin buhun siminti, babu zanena, yana warin kananzir. Kawu ya ƙwanƙwasa fatar sau ɗaya, ya ce ta mutu, sai an sake wata.

Mutumin ya goge rubutunsa. Bai ce ya yi kuskure ba, bai gaya wa 'yan dandalin yadda aka ƙare ba. Ni kaɗai ya turo wa, "Allah ya kiyaye gaba." Amma hoton ya riga ya shiga wayoyin da ban san adadinsu ba.

Wata guda ban sayar da ko sarewa ba. Sannan Mama ta kira.

"'Yata, kina nan?"

"Ina nan, Mama."

"Biyu za a kawo, ba shida ba. Kuma sai direba ya sauke mun kaɗa mun ji, sannan mu biya. Ba wai ni ban yarda da ke ba. Kin san mata."

Na buɗe baki zan ba ta labarin danƙo da cokali da sabis tun daga farko. Sai na ji ba ni da ƙarfin sake faɗinsa.

Na ce, "To, Mama. Ranar Laraba in Allah ya yarda, in hanya ta yi kyau."