Asuba da Ƙarfe Ɗaya

Shekarata ta biyu a kwaleji na fara yin ƙananan agogo. Ina da gidan 'yar tsana da na harhaɗa da kwalin takalma da katako, na kwaikwayi falonmu na unguwar Park Hill, nan ƙasar waje, har da kujerar da ta lotsa. Abin da ya rage shi ne bango, domin falon Goggo, wadda nake zaune a wurinta, agogo biyu ke rataye a ciki, ɗaya na lokacin nan, ɗaya na lokacin gida.

Maɓallin riga nake samu, fari mai faɗi, in kankare shi har ya yi sumul. Lambobi da bakin allura nake ɗiga su. Hannuwan kuwa gashin buroshi ne, in yanka dogo da gajere, in ɗora da hantsaki ina riƙe numfashi. In na gama sai in zagaye bakin da zaren zinariya da na zare daga tsohon mayafi, in shafe fuskar da man farce marar launi ya zama gilashi. Agogo ɗaya kan ci mini yammaci uku. Wani lokaci a jirgin ruwa, hanyar makaranta, nake zana fasalinsu a bayan littafi.

Yayata, 'yar Goggo, ɗaki ɗaya muke. A nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Kullum tana ce mini tsohuwa mai wasan yara. Sai ga shi ranar wani suna ta ɗauki agogona biyu ba ta tambaye ni ba, ta zagaya da su a tafin hannu, ta ce ita ta yi. Ina zaune a lungu da faranti a cinya, mata suna ta sa mata albarka. Goggo ta san gaskiya, amma da muka dawo cewa ta yi ai duk ɗaya ne, 'yar'uwata ce. Ban iya magana cikin mutane ba, amma ba na mantuwa.

Bayan wata guda shugabar Islamiyyar mata da ke unguwar Tompkinsville, wata Hajiya mai tabarau, ta aiko. Tana so Yaya ta yi mata ƙaramin allon lokutan salla, irin na bangon masallaci mai agogo biyar, a sa a gidan 'yar tsanar da za su nuna ranar walimar makarantar. Yaya ta zo tana ta kirana ƙanwata, sunan da ba ta taɓa kirana da shi ba. Na ce to.

Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba. Na duba jadawalin watan, na sa kowane hannu daidai inda ya kamata. Na yi allon da kore, na rubuta Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, Isha, kowanne da gurbinsa a sama. Agogon biyar kuma ban manna su ba. Na zuba su a gwangwanin alawa, na girgiza. Na san abu biyu game da Yaya: ba ta iya karanta agogo mai hannu ba, lokacin salla kuma sai wayarta ta yi kira take sani.

Ta tambaye ni wanne ke zuwa ina.

Na ce, "Haba Yaya, ke da kika yi na farko?"

Ta harare ni, ta manna su yadda ta ga dama. Gam ɗin da na ba ta mai ɓamɓaruwa ne, don ba zan lalata aikina saboda ita ba.

Ranar walima mata suka kewaye teburin. Yaya na tsaye kusa da shi tana murmushi. Hajiya ta sunkuya, ta gyara tabarau, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "'Yata, a wane gari ake sallar Asuba da ƙarfe ɗaya?"

Wata 'yar Nijar ta leƙa ta ce to ga Isha kuma da ƙarfe huɗu, lalle mutanen gidan nan da wuri suke kwanciya. Aka yi dariya. Hajiya ta ce ba komai, Yaya ta gyara kawai, tun da ita ta yi. Yaya ta kai hannu ta janye, ta sake kaiwa. Ta duba wayarta, wayar ba ta taimake ta ba. Goggo ta juyo ta dube ni, a hankali ta ce in zo in taya 'yar'uwata.

Hantsakina yana aljihu tun daga gida. Na fito da shi, na ɗaga agogon ɗaya bayan ɗaya, na mayar da kowanne gurbinsa. Aikin minti biyu ne, na ja shi ya kai goma, don kowa ya ƙoshi da kallon hannuna. Hajiya ta tambaye ni da me aka yi hannuwan. Na ce gashin buroshi, kuma murya ta fita sarai.

A bas Goggo ta ce na kunyata gida. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini. Agogona biyu na farko suna jakar Yaya har lokacin, da muka isa na miƙa mata tafin hannu, ta zuba mini su.